Taguwar da Ta Ƙi Yagewa

Shekaruna tamanin da bakwai ke nan a duniya, bisa ƙirgar mahaifiyata, wadda take lissafi da damina ba da takarda ba. Abin da zan ba da labarinsa ya haura shekara sittin da aukuwa, zamanin da Nasara yake riƙe da ƙasa, cikin shekarun babban yaƙin da sunka yi a can garuruwansu. Ni a lokacin magidanci ne sabon jini, a wani ƙauye na ƙasar Arewa tsakanin Dogon Dutsi da Ɗan Kassari. Da damina ina noma, da rani ina riƙe allura, domin a wurinmu ɗinki aikin maza ne, kaɗi na mata. Daga garinmu har kasuwar Dogon Dutsi ba a samun wanda ya fi ni matse ɗinki, kuma waɗanda sunka san ni ba za su ƙaryata ni ba, in da sauransu a raye.

Yaran yanzu, da suke shiga kasuwa su zaɓi riga kamar mai zaɓen goro, ba za su gane abin da ake nufi da yunwar tufa ba. Mu mun gan ta da idonmu. Kafin yaƙin, fatake suna kawo yadin akoko da alawayyo daga ƙasar Ingilishi, ta wajen Kabi. Sai anka rufe iyaka, anka zuba gardi, dogaran Nasara, a kan hanyoyi, ƙyalle ya ɓace daga kasuwa kamar ruwan da anka zuba a rairayi. Abdugar da muke nomawa a fadama kuma, kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya aiko a karɓi babban rabo daga cikinta. Na ga dattijo mai furfura ya koma ɗaura warki na fatar akuya. Na ga gidan da uwa da ɗiyarta suke karɓa-karɓa da zane guda in za su rijiya. Na ga an kai mamaci makwancinsa cikin tabarma, mutane suna kawar da kai don kunya.

Babba a gidanmu shi ne wana, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi anka kama zuwa soja tun kafin ruwa ya faɗi, gida ya dawo wuyana. Akwai mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Akwai matata da ƴaƴanmu biyu, mace mai shekara shida da namiji mai huɗu. Sai matar wana da ɗanta guda, wanda bai daɗe da yaye ba, siriri, mai manyan idanu, wanda tari ya kama tun ƙarshen damina bai sake shi ba.

Al'adar gidanmu ce, idan kaka ta ƙare, hatsi ya shiga rumbu, an tsince abduga, Inna ta zauna ta yanke abin da kowane yaro zai sa daga shigowar ɗari har faɗuwar ruwa. Ba ta shawara da kowa a kan wannan. Takan shimfiɗa tabarma a gindin rumbu da hantsi, a kawo mata kwandunan abduga, ta nutsa hannu cikinsu ta ji nauyinsu, sannan a jera mata jikokinta. Ba a auna yaro da kara ko da igiya, domin mamaci ake aunawa da kara in za a haƙa masa kushewa. Da ido take aunawa. Ta sa yaro ya ɗaga hannu, ya juya, ya tsuguna, sannan ta buga taƙi a ƙasa, ta faɗi yawan ƙwaryar da za a saƙa, wato tsirin saƙa mai faɗin tafin hannu wanda muke haɗawa mu yi tufa.

A waccan shekarar ma haka ta yi.

"Matso nan, angona," in ji ta ga ɗana. "Kai, dubi ciki! Miji ne kai ko gara? Da damina ka cinye mini tuwo, yanzu za ka cinye mini abduga."

"Ni ba ni aurenki," in ji yaron. "Ba ki da haƙora."

"Haƙoran nan a kan neman abin da za ka ci sunka zube, marar kunya. Juya in gani."

Munka yi dariya, har matar wana ta murmusa. Amma da Inna ta koma kan kwanduna, dariyar ta tsaya. Ta daɗe tana juya abdugar, sannan ta ce abin da ke nan zai ba da zane guda na yarinya, domin ta kai shekarun jin kunya, da ɗan gwado guda na lulluɓa, da taguwa guda. Ba ƙari.

Taguwa guda ga maza biyu. A shekarun wadata wannan ba zai zama abin magana ba, domin ɗan wana ba ya shiga lissafin sabuwar tufa. Ga dalili. Uwarsa ta binne ƴaƴa uku kafin shi, kowanne bai kai ga gudu da ƙafarsa ba. Ɗa irinsa ana ce masa ɗan wabi. Ita ƴar wajen Lugu ce, mutanenta kuwa suna riƙe da al'adar kakanni ba sassauci. Bisa abin da ta gada, abin da ke ɗauke mata ƴaƴa yana bin sabon abu ne, yana duban wanda iyaye sunka ƙawata, shi yake ɗauka. Saboda haka ba a yi wa yaron ado, ba a yabonsa, ba a kiran sunansa na yanka. An huda masa kunne guda, ana ce masa na-juji. Kuma har ya yi famfara, haƙoran nono su zube, ba zai sa sabuwar tufa ba, ba zai lulluɓa da sabon gwado ba, sai tsumman da ɗan wani ya sa har ya yage don kansa, anka yar, ta tsinta.

Sau ɗaya ta taɓa karya wannan ka'ida. A kan na ukun, wana ya matsa mata, ni na ɗinka wa yaron ƴar riga ta sallah, fara, mai kyau. Watan bai mutu ba munka binne shi. Mu gidan salla ne, mahaifinmu ya yi karatu gwargwado, mun san ajali ba ya bin zare. Amma Inna ta gargaɗe mu tun ranar: wanda bai binne uku ba, kada ya yi wa wadda ta binne wa'azi.

A shekarun baya tsumma ba ya wuya. Matar wana takan shiga gida biyu uku ta fito da abin da zai rufe yaro. A wannan shekarar ta bi gari gida-gida, ta je ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, ta je har rugar Fulanin da ke bakin fadama. Wata tsohuwa ta ce mata, "Ɗiyata, tsumman da kike nema ga shi jikina. In na ba ki, da mi zan raka ki bakin ƙofa?" Abin da ta samo duka bai wuce na bante ba. Ta dawo da la'asar, ta zauna bakin ɗakinta, ta ɗora yaron a cinya, yana tari, tana shafa masa baya. Ɗari kuwa ya fara aiko da manzanninsa, domin ruwan randa ya soma cizon haƙori da safe.

Kashegari Inna ta kira ta, ta kira matata, ta kira ni.

"Ke ɗiyata," in ji ta ga matar wana, "faɗa mini ka'idarku sosai, kada in yi kuskure. Tufar da ɗan wani ya sa, ta yage don kanta, anka yar a juji, ta halatta gare shi?"

"Ta halatta, Inna."

"Ko ɗan wa ne?"

"Ko ɗan wa, in dai uwarsa ba ta wabi."

"To ga ɗan ƙanen mijinki, uwarsa ba ta taɓa binne ko guda ba, Allah shi kiyaye. A ɗinka taguwar, shi sa ta. Wanga angon nawa ko fatar jaki anka sa masa sai ya keta ta. Ran da ta yage, a yar, ke ki tsinta."

Matar wana ta yi nazari, sannan ta ce haka ya yi, da sharaɗin kada hannun kowa ya taimaki yagewar. Sai da munka keɓe matata ta ce mini, "Maigida, nawa ɗan fa? Shi zai ɗumama riga, ɗari ya yi tsanani a tuɓe masa?" Na ce mata nata yana da tsoka a ƙirji, wancan kuwa ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, kuma ubansa ba ya nan. Da anka fara kaɗi kuwa, ita ta fi kowa zama a kan mazari, har alli ya cinye mata yatsu.

Aikin ya tafi da sauri, domin kowa ya san abin da muke tsere da shi. Mata sunka gurje abdugar sunka fid da gurya, sunka shiɓe ta da baka har ta yi laushi. Inna ta ce zaren tsaye a murza shi sosai, abawa kuma, wato zaren kwance, a yi ta da kauri, domin ƙirji mai tari ake so a rufe. Munka kai wa masaƙin unguwarmu, wani dattijo da gidansa ke jingine da namu. Ya ja abawar tsakanin yatsunsa ya ce, "Wagga abawa ce ko igiyar guga? Wa za ku ɗaure?" Inna ta ce masa ya bar surutu ya buga saƙa ta matsu, kada iska ta sami hanya. Ya buga kuwa. Ƙwaryar da ya miƙo mini, in ka ɗaga ta ga rana ba ka ganin haske ta cikinta.

Ni ma na yi nawa. Na yanka ta tsakanin girman yaran biyu, yadda za ta ɗan matse ɗana, ta yi wa ɗan wana yalwa. Na riɓa zare biyu a allura. Na haɗa ƙwarya da ƙwarya da ɗinki ƙanana kamar jerin tururuwa, na koma na bi ta kansu. Na ninka wuya, na ƙarfafa hammata, na kalmashe gindi. Matar wana ta wuce da tulu a ka, ta tsaya tana dubana. Tsakanin matar wa da ƙanen miji akwai wasa, mu kuwa ba mu raga wa juna.

"Mai allura," in ji ta, "riga kake ɗinkawa ko akumarin jaki?"

"Wadda ba ta iya zura zare a kunnen allura ba, ta wuce da tulunta," na ce.

"Da wanka yana nan da tuni ya gama."

"Wana ko wandonsa ni nake kama masa. Ki tambaye shi in ya dawo."

Ta yi dariya ta wuce. Daga Inna har masaƙi har ni, kowa ya zuba iyakar gwanintarsa domin rigar ta yi ɗumi, ta yi ƙarko. Babu ko ɗaya cikinmu da ya tsaya ya tuna cewa rigar nan, kafin ta kai ga wanda anka yi ta dominsa, sai ta yage.

Ɗana ya sa ta ranar da na cire allura. Shi kaɗai ne yaro mai sabuwar riga a unguwa, yana tafiya yana buɗa hannuwa kamar zakara. Munka sake shi. Uwarsa, wadda a da take tsawata masa in ya hau katanga, ita ce ta koma cewa, "Tahi ka bi awaki, ka shiga ko'ina sunka shiga." Ya bi su cikin ƙayar magarya da ta aduwa. Ya yi kokawa da tsaransa. Ya hau tudun jan dutse da ke bayan gari ya riƙa sulalowa da gindi. Ya dawo da ƙuje a gwiwa da ƙaya a ƙafa, taguwa kuwa lafiya lau. Uwarsa tana wanke ta da ruwan toka tana bugawa a kan dutse, domin matar wana ta ce wanki ba ya cikin abin da anka hana. Farin ya tafi, ta koma launin ƙasa, ta yi laushi, amma ko zare guda bai saki ba. Kowace yamma Inna takan kira yaron ta juya shi gaba da baya, ta sake shi tana tsaki.

"Kai da masaƙin nan," in ji ta gare ni, "Allah shi shirye ku."

"Inna, ke kika ce a yi ta da kauri."

"Na ce. Ban ce a yi ta da ƙarfe ba."

Ɗari ya sauka sosai. Ɗan wana yana kwana a bakin wuta, da rana uwarsa ta goya shi da zanenta guda. Amma akwai daka, akwai rijiya, akwai itace, shi kuma ya wuce goyo, dole ta sauke shi ya zauna a rana da ɗan bantensa, ƙirji a waje. Gwadon da anka saƙa yana nan, sabo ne, ba ta yarda ya taɓa jikinsa ba. Tarin ya sauka daga maƙogwaro ya koma ƙirji. Munka karɓo rubutu wurin malam, ita ma ta kawo saiwoyi da turare daga wurin mutanenta, anka haɗa duka, ba wanda ya hana wani. Yaron ya daina wasa. Yakan zauna yana bin ɗana da ido duk inda ya gilma cikin taguwar.

Wata rana na iske matar wana ita kaɗai tana sussuka a bayan rumbu. Na ce mata, "Yaya, ki juya baya kawai. Aska tana aljihuna. Wuri guda zan taɓa a hammata, ba wanda zai sani."

Ta ajiye taɓarya ta dube ni. Babu wasa a fuskarta.

"Ni za ka ruɗa, ko su masu ɗauke mini ƴaƴa?" in ji ta. "Wancan karon ma cewa kunka yi ba komi."

Tun da ta shigo gidanmu ba ta taɓa yi mini magana irin wannan ba. Ta sake ɗaukar taɓaryar ta ci gaba da aikinta. A nan na gane cewa tsoro biyu ne sunka sa ta a tsakiya. In ta bar shi tsirara, ɗari zai ɗauke shi tana kallo. In ta sa masa rigar da ba ta cika ka'ida ba, a ganinta ita da hannunta ta miƙa shi, kamar yadda ta miƙa na ukun. Mu muna ganin guda ɗaya ne kawai, ita tana ganin duka biyun.

Safiyar da abin ya yanke, sanyi ya kai inda kaji sunka ƙi sauka daga kan danga har rana ta fito. Na dawo daga masallaci na ji numfashin yaron tun daga tsakar gida, yana fita da ƙara kamar ana busa sarewar kara. Inna tana zaune bakin murhu. Masaƙi ya shigo ɗiban wuta, ya tsaya da kaskonsa a hannu. Sai matar wana ta fito daga ɗaki, idanunta jajur, ta ce da matata, "Ba ni rigar in duba."

Anka tuɓe wa ɗana, yana ƙunƙuni. Ta zauna a bakin ƙofarta inda rana ta fara sauka, ta shimfiɗa taguwar a cinya. Ta bi wuya da yatsa. Ta bi hammata, ta dama da ta hagu. Ta juya cikinta waje, ta bi kowane haɗin ƙwarya daga sama har ƙasa. Ni na san ba za ta sami komi a ɗinkin ba, kuma karo na farko a rayuwata sanin haka bai yi mini daɗi ba. Ana jin numfashin yaron daga cikin ɗaki.

Can wajen gindin rigar, ta baya, ta tsaya. Akwai wata ƴar huda inda tartsatsin wuta ya taɓa faɗawa, ba ta kai ƙwayar dawa ba, bakinta baƙi. Duk wanda ke wurin ya san wannan ba yagewa ba ce. Ita ta fi kowa sani. Ta ɗaga rigar ga rana, ta daɗe tana duban ɗan hasken da ke ratsowa.

"Inna," in ji ta, muryarta can ƙasa, "dubi nan. Ta huje ko?"

Idon Inna ya riga ya yi rauni a lokacin, ko fuskar mutum sai ya matso take ganewa. Ba ta ce a miƙo mata rigar ba. Daga inda take zaune ta ce, "Ta huje, ɗiyata."

Ta juya ga matata. "Uwar mai riga fa?"

"Ni na daɗe da gajiya da wankinta," in ji matata. "Ɗana ba zai ƙara sa ta ba."

Ta dubi masaƙi. Dattijon ya gyara riƙon kaskonsa ya ce saƙar dama ta gaggawa ce, bai yi zaton za ta kai haka ba. Sannan ta juyo gare ni.

"Mai allura, kai ka ɗinka ta. Mi ka ce?"

Na dubi rigar. A cikin dukan abin da na ɗinka kafin ranar da bayanta, har da manyan riguna da anka sa a gaban sarakuna, babu wanda hannuna ya zauna a kansa kamar wannan ƴar taguwa. Na ce, "Tsumma ce, Yaya. Ba ta da sauran amfani. A yar."

Ta rufe ido ta yi ajiyar zuciya, ta miƙa wa matata.

Abin da ya biyo baya anka yi shi bisa ka'ida, ba a rage komi ba. Matata ta riƙe rigar da yatsu biyu kamar mai riƙe da mushen ɓera, ta fita zuwa jujin da ke bayan gida, mu muna biye. Ta jefa ta kan toka da ƙaiƙayi, ta ce da ƙarfi yadda duk mai saurare zai ji, "Tahi can, ba mai son ki." Ɗana ya ƙwalla ihu, ya zabura zai ɗauko, na riƙe shi. Yana harbin ƙafafuna yana cewa rigarsa ce, shi bai yar ba. Uwarsa ta juya masa baya, na ga tana share ido da gefen zane.

Matar wana ta fita ta ƙofar gida da ɗanta a kafaɗa, ta zagayo ta hanyar rijiya kamar baƙuwa mai wucewa. Da ta iso juji ta tsaya, ta tura rigar da ƙafa, ta ɗauka da hannun hagu, ta ƙara tumurmusa ta cikin toka. Ta ce, "Ga abin banza, ya dace da ɗan banza." Na san dole ne ta faɗi haka, amma har yau ina tuna yadda muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe. A nan kan juji ta zura masa ita. Ta sauko masa har gwiwa. Yaron ya dubi ƙirjinsa, ya shafa, ya kwantar da kai a wuyan uwarsa.

Ɗana ya yini yana kuka. Da yamma na yanka masa warki daga fatar ɗan akuya, na ɗaura masa, Inna ta ce yanzu ya zama namiji irin na da, za ta sake shawarar aurensa. Ya ce ko ta sake shi bai sake ba. Ya yi kwanaki ba ya karɓar hura daga hannunta. Ba zan ɓoye ba, ya sha ɗari a shekarar nan. Fatarsa ta tsage, hancinsa bai bushe ba, da dare yana shiga gwado guda da yayarsa suna ja-in-ja. Uwarsa tana shafa masa man shanu tana yi mini kallon da na fahimta, ban kuwa ce ta daina ba.

Tarin ɗan wana bai tafi nan da nan ba. Ya ma ƙaru a kwanakin farko, uwarsa kuwa ta zama kamar ba ta cikin gidan. Ba ta ci sosai, ba ta wasa da kowa, ko tana daka idonta yana kansa. Kowane tari da ya yi, sai ta dubi rigar. Ba wanda ya iya rage mata wannan nauyi, domin ita ta yanke hukuncin, mu shaida kawai munka bayar. Haka munka zauna har sanyi ya fara ja da baya. Sannu a hankali ƙarar numfashin ta ragu, ya fara karɓar kunu, wata rana anka gan shi yana korar ƴan tsaki a tsakar gida. Da bazara ta kama, zafi ya sauka, sai na ji muryar matar wana daga bakin rijiya tana ce wa mata wai ƙanen mijinta ya fi tsohuwa yawan zama a inuwa, a nemo masa mazari. Ban rama ba ranar. Na bar mata.

Ko ɗumin rigar ne ya tsare shi, ko abin da uwarsa ke tsoro ne ya karɓi shaidarmu, ko kuwa kwanansa ne ke gaba, ban sani ba, kuma ban taɓa yin gardama da kowa a kai ba. Yaron ya yi famfara, ya girma, ya yi noma, ya aurar da ƴaƴa, ya riga ni tafiya da furfura a kansa.

Ba ni kaɗai na ga wannan al'amari ba. Inna ta gani, da masaƙin unguwarmu, da matata, da matar wana, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ɗana ma yana wurin, amma shi abin da ya riƙe kawai shi ne an ƙwace masa riga. Wadda ta rage mai cikakken tuni ita ce ɗiyata ta fari, wadda ta tsaya a bakin danga da sabon zanenta tana kallo. Tana zaune a Tibiri cikin jikokinta, hankalinta garau. Wanda ya yi shakkar maganata, ya je ya gaishe ta ya tambaya.